Fulogi Huɗu Ko Shida, Wanne Zai Kai Matata Asibiti?

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan gida, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman direbobi da bakanikai, kaina ya kulle ga lokaci ya matse ni.

Ni direban haya ne, ina zaune a wani ƙauye gefen Ruwan Godiya, ina jigila tsakanin Faskari da Kankara, ranar kasuwa nakan leƙa har wajen Sabuwa. Motata tsohuwar wagon ce, da ƙaramin injinta mai fulogi huɗu na saye ta, kuma tsakani da Allah injin nan bai taɓa kunyata ni ba. Ba ya shan mai, ba ya ɗaukar zafi, in ya yi tari duk bakaniken gindin bishiya zai taɓa shi ya tashi. Aibinsa ɗaya ne, ba ya gudu. In na loda masara da mutane, ɗan hawa kaɗan sai ya kama nishi, har fasinja su riƙa tsokanata wai ko su sauka su kama masa.

Bara da kaka abin ya daina ba ni dariya. Akwai wani wuri a hanyarmu, duk ɗan yankin nan ya san shi, daji hagu da dama, ba a tsayawa kuma ba a rage gudu. Da rana tsaka ina dawowa daga Kankara mutanen daji suka fito mana a babura. Na taka totur har ƙasa, mota ta ƙi ƙara komai, ina kallonsu a madubi suna matsowa, mata a baya suna salati. Abin da ya cece mu wata mota ce da ta biyo bayanmu, suka juya kanta. Direbanta na san shi, tare muke shan shayi a tasha, sai bayan watanni ya dawo gida, kuma har yau bai ƙara riƙe sitiyari ba. Tun ranar in na zo wurin nan idona na kan madubi.

Ina da aboki bakanike a Kankara, matashi ne, aikinsa ƙara wa motoci ƙarfi. Shi ya ce mini ƙarfe ba ya jin magiya, in gudu nake so sai babban inji. Ya samo mini mai fulogi shida ɗan Beljiyam, ya yanke mazaunin tsohon ya yi walda, ya canza salansa da wayoyi. Ranar da na fara fita da ita wallahi har ƙwalla na yi don daɗi, hawan da nake yi da giya biyu na wuce shi ban ma lura ba. Baba, tsohon bakaniken da ke duba mini mota a Faskari tun ina yaron mota, da ya buɗe bonet sai ya ce: "Ɗana, gudu kam ka samu. Amma waɗanga wayoyi ban san kansu ba, ran da ta tsaya maka kada ka kira ni, ba abin da zan iya yi maka." Na ɗauka kishin sana'a ne irin na tsofaffi.

Matsala ta farko ban taɓa kawo ta a raina ba. A da duk ƙauyenmu sun san kukan motata, tun daga nesa yara ke cewa ga wane nan. Da na shigo da sabon inji yana ruri, mata da ke roron wake suka watsar da ƙwarya suka ruga cikin dawa, wata tsohuwa ta faɗi ta gurɗe ƙafa, sai da na je gida-gida ina ba da haƙuri. Wannan ya wuce. Wanda bai wuce ba shi ne zafi. Sau biyu ke nan allurar zafin inji ta haye motar ta mutu mini a hanya. Na farko a cikin gari ne, muka zuba ruwa muka jira. Na biyun kuwa dab da wurin nan ne, ina tsaye da jarka a hannu lagireto na tafasa, fasinja kowa ya zuba wa daji ido. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba, na dai san ban taɓa jin na zama abin tausayi kamar ranar ba.

Ga inda maganar take. Mai ɗakina ta shiga watan haihuwa, kuma haihuwar baya aiki aka yi mata. A wajen awo sun ja mana kunne cewa kada a gwada a gida, da ta ji alama a kawo ta Kankara. Hanyar ɗaya ce, ta wurin nan za a bi, kuma motata ce kaɗai a ƙauyen. Na san za ku ce in kai ta gari ta zauna tun yanzu, na gwada. Ƙanwata a Kankara ɗaki ɗaya gare ta, dangin mijinta da suka gudo daga wajen Damari sun cika shi har tsakar gida. Ga mahaifiyata ɓarin jikinta ya shanye, mai ɗakin nawa ce ke juya ta tana ba ta abinci, ta ce ba za ta bar Inna kwance ta je ta zauna jiran ranar da ba ta sani ba. Mun yi rigima a kan haka har ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ni na sauko.

Na koma wajen abokina, ya rantse injin lafiyarsa lau, lagireto ne ya yi masa kaɗan, a sa babba da fanka mai ƙarfi shi ke nan, amma sai an aiko da su daga Kaduna. Haka ya ce a karon farko, saura abu ɗaya, kullum saura abu ɗaya. Da na tuna masa sai ya fusata, ya ce in koma wa kurata, wato tsohon injin, in ga ko za ta tsere wa babur. Baba kuma tsohon injina da na kai masa ajiya na nan a garejinsa lulluɓe da buhu, ya ce zai mayar mini, amma tunda an yanke mazauni motar za ta yi kwanaki a kan duwatsu, in naƙuda ta zo a tsakani ba mota ke nan gaba ɗaya. Na tambaye shi, in an mayar aka sake biyo ni fa? Ya ce shi abin da zai iya faɗa mini kawai ƙaramin ba zai mutu a hanya ba, gudu kam ba shi da shi, ba zai yi mini ƙarya ba.

Jiya da safe ina wanke mota ta fito da jakar kayan haihuwa, zannuwa da ɗan bargo da fulas, ta buɗe but da kanta ta ajiye, ta ce kada ranar a tsaya nema. Ba ta tambaye ni wane inji ne a ciki ba, ba ta ma san akwai abin tambaya ba, don ban gaya mata motar ta taɓa mutuwa a wurin nan ba. Ita dai ta san mijinta direba ne, zai kai ta.

Jama'a ya zan yi? In bar mai gudun da ban san inda zai tsaya ba, ko in koma wa wanda ba ya tsayawa amma na ga da idona ana cim masa? Wanda ya san inji don girman Allah ya faɗa mini gaskiya, jakar nan tana cikin but, kuma ko yau ana iya cewa in tayar da mota.