Tafinta Mai Nawa da Sunan da Kika Kira a Kaset

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Allah. Mu nan lafiya lau. Ƙanwata Hajo tana Gazawa wajen jikokinta, ƙafa ce kawai ke damunta. An yi ruwa bana, hatsi ya yi kai.

Dalilin wannan takarda, yau wata ɗaliba ta tare ni a ƙofar buro, wato ofishina, ta ce in zaɓar mata harshen da za ta rubuta lissafinta na sinadarai da shi, da tafintan da za ta miƙa wa. Na ba ta amsa yadda na saba. Da ta tafi na zauna har shayi ya huce a gabana. Shekara da shekaru ina yi wa ƴaƴan mutane bayanin aikin nan, ke kuwa ban taɓa yi miki ba.

Kin san dai an kai ni Faransa karatu, kika ce wannan ya ishe ki sani. Aikina shi ne lissafin yadda ruwa ke manne wa laka, ƙwaya-ƙwaya, ƙananan da ido ba ya gani. Ba a yin sa da hannu. Akwai wata na'ura, ordinatar, ta cika ɗaki guda, kuma ba ta jin maganar mutum. Sai ka rubuta abin da kake so da wani harshe na musamman, sannan ka ba wani shiri ya juya shi zuwa abin da na'urar ke ganewa. Masu aikin, kompilatar suke ce masa. Ni tafinta nake ce masa, irin wanda kika sani yana tsayawa tsakanin maigari da kumandan, Baturen mulki.

Abokan karatuna duk sun koma wani sabon harshe, Paskal, wai ya fi tsabta. Ni na tsaya a kan tsohon, Fortran, don duk lissafin da na gabanmu suka gwada suka amince da shi a cikinsa yake. Har tsiya suke yi mini, suna ce mini tsoho. Wannan zaɓin bai taɓa damuna ba.

Tafintan ne biyu. Ɗaya mai sauri, yana yanke hanya, ba ya tambayarka komai. Ɗaya mai nawa, yana bin layi-layi, in ya ga abin da bai kwanta masa ba sai ya tsaya cak. Da mai sauri, kwana goma zan gama abin da ya rage in kamo hanyar gida. Da mai nawa, mako bakwai, don mu da yawa ne muke jiran na'urar. Na gwada su duka a kan ƙaramin lissafi, sai amsar ta bambanta a lamba ta biyar bayan waƙafi. Lamba ta biyar, Inna. Kamar ƙwayar gero biyu ko uku a cikin tiya.

Shekarar farin tamanin da huɗu ke nan. Malamina, wani dattijon Bature, ya ce in ɗauki mai sauri in je in ga dangina, labaran ƙasarmu ba daɗi. Na ce zan yi tunani.

A makon nan kaset ya iso, wani ɗan garin Agiye ne ya kawo. Kin tuna yadda ake yi: Kawu Idi ya aje rediyonsa a tsakar gida, kowa ya matso ya gaishe ni, manya sannan ƙanana. Kowa ya ce lafiya lau, in kwantar da hankalina. To amma duk kaset ɗin da aka taɓa aiko mini, bayan maganar mutane ina jin daka, ina jin awaki, wani lokaci zakara ya tsoma baki a yi dariya. Wannan babu. Ba turmi, ba akuya. Muryoyi kawai.

Ke ce ta ƙarshe, kamar kullum.

Ni ɗanki na fari ne, ba ki taɓa kiran sunana ba. "Wancan" kike cewa, da na shiga makaranta na koma "na lakol". Ko ranar da zan tafi, a tashar Cadawa, Hajo kika ba fura ta miƙo mini, kina kallon wani waje. A kaset ma ba ni kike yi wa magana ba, sai ki ce, "Ku ce wa na lakol ya riƙe salla." Ban taɓa jin haushi ba. Haka na ga kowace uwa tana yi a garinmu.

Ran nan sai na ji kin yi gyaran murya, kin ce, "Isuhu. Kana ji na? To, ka riƙa cin abinci." Shi ke nan, Kawu ya kashe.

Sau uku na mayar da kaset baya.

Ba zan ce miki ban gane ba. Da Baturen ne ya ji, sai ya ce uwa ce ke gaida ɗanta. Ni kuwa a gidan nan aka haife ni, na san abin da zai sa ki keta kunyar shekara ashirin da shida a gaban ƙannen mijinki. Na sa kaset a aljihun tebur, na sauka ƙasa, na miƙa aikina ga mai nawa. A hanya ina gaya wa kaina ai ke kika koya mini. In kin ba ni tsintar tsakuwa a hatsi na kawo miki da wuri, sai ki turo faifan ki ce, "Sake dubawa, ba wanda ke korarka." Da maganarki na yi amfani na ƙi zuwa gare ki.

Mako bakwai kowace safiya ina zuwa in karɓi doguwar takardar da na'ura ta buga, in bi lambobi da biro. A mako na uku tafintan ya tsaya, ya nuna mini inda matsalar take. Laifina ne. Akwai wani gurbi na ajiye lamba da na manta ban share ba kafin a fara zuba masa. Mai sauri ya wuce abinsa bai ce uffan ba. Na gyara, na ci gaba. Da aka gama, amsar ta canja a lamba ta biyar ɗin nan, abin da na rubuta game da ruwa da laka kuwa ko kalma ɗaya bai canja ba. Malamina ya yaba mini, ya ce haka ake aiki.

Sannan na kamo hanyar gida. Daga Maradi na shiga motar haya, taksi-burus. Gefen hanya mushen shanu, Fulani zaune gindin itace da sandunansu, ba abin kiwo. Na duba, na ga na gani, ban ji komai ba. A tashar Cadawa ba mai sayar da ko ƙuli. Malam Garba tela ya riƙe hannuna bai saki ba, maimakon sannu da zuwa sai ya ce ya ƙarin haƙuri. Kwananki goma sha biyu a ƙasa.

Ba sai an yi mini lissafi ba, sana'ata ce. Da na ɗauki mai sauri, da na same ki da rai, mun yi kusan wata guda tare.

Hajo ce ta ba ni sauran labarin. Ƴaƴan anza na daji kuke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. In an raba, sai ki ce ramuwar azumi kike yi, ki tura wa jikoki rabonki. Ramuwar ba ta ƙare ba har ƙafafunki suka kumbura. Ta ce tun da aka aika kaset, kowace ranar kasuwa sai ki sa a shimfiɗa miki tabarma a ƙofar gida, wajen da ake hango motoci. Ba ki ce wa kowa ga wanda kike jira ba, ba wanda ya tambaye ki.

Ban yi kuka ba, Inna. Mutane suka ce na yi tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Kin san in mutum ya daɗe zaune a kan ƙafarsa, ya taɓa ta ya ji kamar ta wani? Haka nake tun ranar. Na yi aure, na haifa, na sa wa ta farkon sunanki, ina aiki, ina cin abinci kamar yadda kika ce.

Ɗalibar nan ta yau, harsuna sun yi yawa yanzu, abin da ke ɗaukar mako bakwai ana gama shi kafin a sha shayi. Na ce mata ta ɗauki harshen da na gabanta suka gwada, ta fara ba tafinta mai bincike, in ya gamsu sannan ta saki mai sauri. Gaskiya na gaya mata, ko gobe aka tambaye ni haka zan ce. Na so in ƙara mata wani abu, na rasa ta inda zan fara. Ta yi godiya ta tafi.

Kaset ɗin yana nan cikin akwatina. Ba na sa shi, ina tsoron zaren ya tsinke.

Allah ya jiƙan ki, Innata. Ya yalwata makwancinki, ya ciyar da ke abin da kika hana bakinki, ya shayar da ke ruwan da ba ya ƙafewa. Ya jiƙan duk waɗanda shekarar nan ta tafi da su, na gari da na daji. In ya ga dama ya sake mini ƙafar nan in ji zafinta ko sau ɗaya kafin in taho.

Abu guda ya rage tsakaninmu. Ke kika koya mini in babba ya kira yaro, ba a barin sa ya kira sau biyu. Kin kira, kin tambaya ko ina ji.

Na'am, Inna. Ina jin ki.

Ɗanki na fari,
Isuhu