Inna Ta Ɗaure Kaya, Mota Ta Ƙi Gudu

Daren Talata, Malanbil

Matatar hayaƙin motar nan ta sake toshewa. Idi makanike ya ce tun da anka rufe gadar kan iyaka, daga kasuwa zuwa bakin kogi kawai nike jigila, shi ya sa inji bai yin zahin da zai ƙone kunkunniyar. "Hau hanyar Kandi ka taka ta sosai, Sani."

Na taka har ƙasa, amma ta ƙi gudu. Har mai kabu-kabu ɗauke da rago ya wuce ni.

Gobe likitan ido ke jiran Inna a Kandi. Na iske ta ɗaure kayanta, tana laluben takalmanta.

"Da asuba ko, direba?"

Na ce i. Wallahi ban san mi zan tuƙa ba.