Tafkin Baba a Bayan Tudu

Dungas, daren Asabar, bayan girbi

Ni Mamman Sani, mai digirin lisansi a ilimin ƙasa, ina rubuta wannan domin kada abin da na gani yau ya wuce ba shaida.

Na daɗe ina cika wa 'ya'yan Yaya Hadiza baki kan tafkin da ke bayan tudun rairayi wajen Guci, inda marigayi Baba yake ɗora ni a jaki mu je ciro bado. Yau na aro mota kat-kat na ɗebi Ali da Nana, ta kafe a yashi, muka ƙarasa da ƙafa, Nana a wuyana. Da muka hau tudun, sai na ga ciyawar kacalla ta cinye tafkin, ruwan da ya rage bai fi faɗin tabarma ba.

"Kawu, wannan ne tekun naka?" in ji Ali, yana ƙyalƙyala dariya.

Na soma jawabi kan taɓarɓarewar muhalli. Sai Nana ta tsoma hannu, ta zaro bado guda, ta ce, "Kaka ne ya rage mana."

Badon yana nan cikin kwano, na hana kowa ci. Gobe zan kai wa magajin gari takardar neman a sare kacallar, kuma ina buƙatar amsa a rubuce kafin Juma'a, tun badon bai bushe ba.