Muryar Auta a Rediyo

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kare ka daga sanyin ƙasar Turawan nan da aka ce har ruwan famfo yana daskarewa. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Maigidan yana zuwa aikinsa a tashar jiragen ruwa, yara suna makaranta, ƙaramar kuma ta fara tafiya, ba abin da take bari a inda hannunta ya kai. Ni ce dai na kasa zaune na kasa tsaye. Tun safe hannun riga ɗaya nake ɗinkawa ina farkewa, shi ya sa na ture keken na ɗauki alƙalami.

Tun da kuka tafi taron karɓar mulkin kai tare da wakilanmu, zauren gidanmu ya koma kasuwa. Kullum da yamma in za a sa abin da aka tattauna, maƙwabta sai su cika shi maƙil, har da masu rediyo a gidajensu, wai sun fi jin daɗin sauraro a gidan su tafinta. Inna kuwa ka san idon ya tafi, muryar nan taka ita ce kaɗai abin da ya rage mata naka. Wanka take yi ta sa sabon zane kamar mai jiran baƙi, a ajiye mata akwatin rediyon a gefen kunne. In ka fassara maganar wakilanmu ta gyaɗa kai, in ka fassara ta Turawa ta ce yaron nan tun yana ƙarami bakinsa bai san gajiya ba. Ni ma ba zan ɓoye maka ba, da ƙyar kaina yake shiga ƙofa a kwanakin nan.

Sai ranar da babban ministan Turawan ya yi jawabi. Da bakinka, Auta, muka ji ka ce kun yarda za ku miƙa mulki, amma tashar jiragen ruwa da unguwar da ke bayanta za su ci gaba da zama a hannunku, ƙarƙashin tutarku, kuma duk wanda ba ma'aikacinku ba ne za a nema masa wani wuri. Ka kira sunan unguwarmu tiryan-tiryan, kamar kai ne mai tutar. Daga nan mutanen da ke zauren suka fara neman takalmansu, aka watse ba ko sallama.

Kashegari wanzamin bakin layi ya ce wa maigidan, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Matar mai burodi ta aiko a karɓi yadinta da na riga na yanka. A bakin famfo kuwa sai da na ajiye bokiti na yi musu tas. Na ce kai ɗan aike ne, maganar wani ake zuba maka a kunne ka fitar ta baki, kuma da wannan bakin ne ka faɗi amsar shugaban wakilanmu, cewa ƙasar da babu ƙofarta a hannunta ɗaki ne da makullinsa ke aljihun wani. Suka ce sun ji, sun kuma san aikinka ne. Amma ka san zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Baturen ba su san muryarsa ba, taka kuwa tun kana kuka a bayan Inna suka san ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma in faɗa maka gaskiya, har da kai na ji haushi, ko da na san ba ka da laifi.

Inna kuwa ta sa aka juya rediyon ya fuskanci bango, abinci ma sai an yi da gaske take taɓawa. Maigidan kuma kullum da sabon labari yake dawowa daga tasha: yau a ce wakilanmu sun ƙi, gobe a ce za a ba Turawa hayar wurin na wasu shekaru, jibi a ce za a raba unguwar biyu daga kan kwalbati. Wasu sun fara kwance ƙofofinsu, wasu kuma sabon fenti suke yi don a san ba inda za su. Ni ko labule na rasa in sauke ko in bari.

To, abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne in roƙe ka, ranar da za a sa hannu a yarjejeniyar ka ce maƙogwaronka na ciwo, ka ba wani lasifikar. In unguwar nan za ta tafi, kada a ce daga bakinka aka ji, don ina so ka dawo ka bi layin nan ana amsa gaisuwarka. Na gaya wa Inna abin da zan rubuta, ina zaton za ta sa mini albarka. Sai ta ce in ajiye alƙalamin tukuna. Ta ce ba fushi ya sa ta juya akwatin ba. Ranar nan ta ji ka tsaya ka haɗiye yawu kafin ka kira sunan unguwar, ta san abin da ke maƙale a wuyanka, amma ka faɗa duka, ba ka rage ko kalma ɗaya don ka lallashe mu ba. Ta ce nauyin da ta ji ɗanta ya ɗauka shi kaɗai a cikin baƙi, shi ne ta kasa sake sauraro. Wani tafintan, in ji ta, zai shafa wa maganar zuma ya ce ana duba lamarin, mu yi ta zama har a zo a yaye rufi a kanmu. Don haka kada ka ba kowa lasifikar. In gidan da ta haife mu a ciki zai tafi, daga bakin ɗanta take so ta ji.

Ga saƙo biyu na ba ka, kuma ka san wanda ya fi nauyi. Ni har yanzu ban yarda da ita ba, tsoro nake ji, amma ban taɓa cin Inna a gardama ba balle yau. Ta sa an juyo da rediyon, ta ce ranar sa hannu a zaure za ta zauna ko da ba wanda ya leƙo.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ka, haka Baffa da iyalinsa, maigidan da yara duka. Ka gaida abokan tafiyarka, Allah Ya ba wakilanmu sa'a, Ya dawo mana da ku lafiya. Inna ta ce in ƙara maka abu ɗaya: ko wane iri ne labarin, ka faɗe shi a hankali, kada ka yi sauri.

Taka har kullum,
Yayarka.