Ƙosai da Ragowar Zogalenki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rakiya, a makwancinki na Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take durƙusawa ta yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki inda kike. 'Yarki ce Bilkisu, daga Dubai. Wata takwas ke nan rabona da muryarki, kuma yau ƙarar kaina na kawo miki, don na aikata abin da kika sha hana ni.

Ba ki san Ƙosai ba. Ɓeran Masar ce, ja, dunƙulalliya. Wata malama da muke koyarwa tare ce ta bar mini ita da za ta koma ƙasarsu, sati biyu bayan rasuwarki. Na karɓe ta ne don tsuwarta irin ta naki ce, waɗanda kike kiwo a fasasshiyar randa bayan madafa. A ɗakin nan na unguwar Satwa, ita ce take fara yi mini sannu da zuwa idan na dawo daga makaranta.

Ɗakin ni da Mariyama muke zaune a ciki, labule ne tsakanin gadona da nata. 'Yar Zangon Kumasi ce, gyaran ɗakuna take yi a wani otal a unguwar Deira. Ranar da na shigo da kejin ta leƙa ta ce, "Sista Bilki, wannan a wajenmu ai miya ne." Ta yi ta dariya. Ni ban yi ba. Na dai ajiye maganar, kin san halina.

Kin tuna saƙonki na ƙarshe da kika ba 'yan kago, masu kawo kaya ta jirgi? Kuka, daddawa, da ƙaramin buhu na busasshen zogalen bishiyar tsakar gidanmu. Ya iso kin riga kin kwanta dama. Kuka da daddawa na yi miya da su, amma zogalen na kasa kai shi baki. Sai na riƙa ɗibar tafi guda kullum da safe ina zuba wa Ƙosai, in zauna ina kallonta tana ci kafin in fita.

Wata Asabar da hantsi na ji ta yi wani kuka daban, siriri mai tsawo. Ta ƙanƙame jiki, ta ɗaga baya, fitsari take yi da ƙyar. Na ɗaga shimfiɗarta, sai ga ɗigon jini. Ƙasan cikinta a jiƙe yana wari. Inda tsohon fitsari ya bushe kuwa fari fat, na murza da yatsa na ji gari-gari kamar alli. Wayyo, Inna. Na ce shi ke nan, ita ma za ta tafi ta bar ni.

Wallahi ko tunanin cuta ban yi ba, hannun mutum na gani. Shimfiɗar da ke cikin kejin ba tawa ba ce, wani tsohon farin tawul ne irin na otal. Kejin yana wani tsami-tsami da ban san shi da shi ba. Buhun zogalen da nake ajiyewa a gindin gado kuma sau biyu ina tarar da shi can saman kabad. Wa ke shiga ɗakin nan in ba ni sai Mariyama? Wa ke wuni da ruwan wanke banɗaki a hannu? Wa ya ce miya ce?

Sai na koma 'yar sanda. Na ɗaura zare a ƙofar keji, na dawo na tarar an tsinke shi. Na ja layi da biro a jikin buhun. Na mayar da kejin ɓangarena na ja labule ruf. Ta dafa shinkafa da wake irin nasu ta miƙo mini, na ce na ƙoshi, alhali ko shayi ban sha ba. Gaisuwarta ma da hanci nake amsawa. Kin sha ce mini, "Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya." Na tuna sarai, amma na ce wa raina wannan ba zato ba ne, bincike ne.

Wata 'yar Kano mai sarin jakunkuna a kasuwar Naif ta ji labari, ta zaro kafso daga jakarta ta ce in fasa a ruwa yadda ake yi wa kaji. Na karɓa na yi godiya. Abin da ya hana ni ba Ƙosai shi ne ita ma matar ban yarda da ita ba. To, ko mugun hali yana da ranarsa.

Ranar Litinin na ɗauki tasi zuwa wajen likitar dabbobi, wata 'yar Sudan. Ƙosai a kwali, shaidata a leda: tawul ɗin, da wata kwalba da na zaro daga ƙarƙashin gadon Mariyama. Eh, Inna, har binciken kayan mutane na yi, ki yi mini faɗan da ya dace. Likita ta shinshina kwalbar ta ce ruwan khal ne, ruwan tsamin nan na girki, kuma da shi ma ake wanke farin dattin keji. Tawul ta ce wanda ya sa ya kyauta, don zama a jiƙaƙƙen wuri yana jawo musu ciwon fitsari. Kafson kuwa da na nuna mata har ɗaga murya ta yi. Ta ce irinsa kashe ɓeran Masar yake yi, don yana lalata musu hanji.

Aka ɗauki hoto. Mafitsararta ta tara farin laka, ya kusa zama tsakuwa, ya goge ta har ƙwayar cuta ta samu shiga. Likita ta tambaye ni me take ci. Na buɗe ƙullin zogalenki da na zo da shi da alfahari na ce ganyen gida, ba taki ba feshi. Ta tambaya sau nawa, na ce kullum. Ta ce ganyen nan cike yake da sinadarin da ke gina ƙashi, busasshe ma ya fi, su kuma rarar ta fitsari suke fitar da ita. Har a lokacin zuciyata cewa take, me 'yar Sudan ta sani game da zogalen Zariya? Amma ga hoton a gabana.

Da na dawo na tarar da Mariyama tana guga. Na ajiye mata kwalbarta. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Tun azumi na ce miki ganyen nan ya yi yawa, kika ce in sa ido a kan aikina." Yayanta ya yi kiwonsu a Kumasi, ta san farin fitsarin. Ita ke canza shimfiɗa idan na tafi makaranta. Na ce to don me ba ta zubar da buhun ba, ta huta? Ta ce, "Na san na Mama ne. Shi ya sa na ɗaga shi sama kawai." Kai, Inna, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Yau kwana tara da fara magani. Maganin ruwa safe da yamma da sirinji, ni in riƙe ta, Mariyama ta ɗura, tana lallashinta da Larabcin garin nan, "Yalla, habibti, haɗiye." Busasshiyar ciyawa ba ta yankewa a kejin. Ruwa sabo kullum, a kwalba da kuma a kwano, don ta sha da yawa ta wanke mafitsarar. Kokwamba, latas da ɗan koren tattasai. Zogale da alayyafo kalas, an daina. Jinin ya tsaya, kukan ya ragu, amma likita ta ce abin yakan dawo. Don haka kullum da safe sai na ɗaga farin tawul na duba shi a hasken taga. Zargin nawa can na mayar da shi.

Jiya na sauko da buhun. Na ba Mariyama haƙuri yadda ya kamata, na ce ta zo mu ci kwaɗo. Na jiƙa ragowar zogalen, na dafa, na daka ƙuli-ƙuli. Ina tsanewa na ji tsinke a hannuna. Na sake dubawa, tsinke ne birjik, har da ƙananan tsakuwa. Ke da kike zama a tabarma ki tsince ganye ɗaya bayan ɗaya, kina cewa, "Mace ba ta aika ƙazanta gidan wani." Zogalenki bai taɓa zuwa da tsinke ba.

Ashe lokacin da kika shanya shi idonki ya riga ya dushe, hannunki ba ƙarfi. A wannan watan kullum na kira sai ki ce, "Lafiya lau, ki yi aikinki." Na zargi Mariyama, na zargi mai kafso, na zargi likita. Ke kaɗai ce ban zarga ba, kuma ke ce kika ɓoye mini. Da na zarge ki ko sau ɗaya, da na nemi hutu na zo.

Muka zauna ni da Mariyama muka tsince shi tas, yadda kike yi. Muka ci, ina kuka ina ci.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kankarar zunubi. Ya yafe mini zaton da na yi wa baiwarSa, Ya ba 'yar dabbar nan lafiya. Buhun na wanke na ninke, yana ƙarƙashin matashina.

'Yarki mai kewarki,
Bilkisu