Takardarku Ta Kore Mini Ma'aikata, Injin Kuma Bai Zo Ba

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke ba ƙananan 'yan kwangila injunan aiki,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Isiyaku, mai aikin kankare a Tudun Wada. Da kwanon sarki a kaina na fara wannan sana'a bayan na bar sakandare, yau kuma ga benaye tsaye daga Makera zuwa Rido da hannuna ya zuba. Ban saba kai ƙara ba. Tsoro ne ya sa na ɗauki biro.

Na ɗaya. Kun ce duk mai son babban injin zuba kankare sai ya kawo tsarin kasuwancinsa a rubuce. Na rubuta nawa da Hausa, yadda nake aiki. Jami'inku ya ce bai yi ba, dole tsari ya nuna inda za a rage kashe kuɗi. Shi ya ƙara layin da ke cewa in injin ya zo zan sallami mafi yawan leburorina. Na ƙi, ya ce takarda ce kawai, ba mai karantawa, sai na bari.

Na biyu. An karanta. Ranar da kuka tara mu 'yan kwangila, da lasifika aka karanta tsarina wai a matsayin abin koyi, har da tafi. Bidiyon taron ya zaga wayoyi, ya kai hannun Maman Rifkatu, shugabar matan da ke ɗaukar mini kankare. Matar nan tun ina birkila muke tare. Haihuwa, rasuwa, Sallah, Kirsimeti, ba wanda ya wuce mu. Yanzu in na kira ta, gaisuwa kawai take yi, ta ce za ta duba. Na ji har wasu sun fara bin wani ɗan kwangila a Sabon Tasha. Ban ga laifinsu ba, kowace da bakin da take ciyarwa.

Na uku, kuma nan ne hankalina ya tashi. Ranar Asabar ina da zubin dekin, wato rufin kankare na bene, a Kakuri, ginin wani ɗan kasuwa, Oga Emeka. An kafa gora, an shimfiɗa katako, an ɗaure rodi, tifa ta sauke yashi da tsakuwa. Yallaɓai, dekin ba a zuba shi rabi a dawo gobe. In aka fara, kwano na bin kwano ne har a rufe. In hannu ya yi kaɗan, na farko ya bushe kafin na baya ya iso, wurin haɗuwar nan ba ya kamawa. Ba a gani ranar. Sai damina ta zo ruwa ya bi ta nan ya ci rodi. Mutumin nan da matarsa da 'ya'yansa za su kwana a ƙarƙashinsa.

In ba wadda ta zo, da sauƙi, sai in ɗaga aikin in sha kunya. Abin da nake tsoro shi ne su zo da safe don kara, in sa a kwaɓa siminti, rana ta take su fara sulalewa.

Injin kuwa har yau ba labari.

Roƙona: ku cire layin nan daga tsarina. Ku sanar da hakan da lasifikar da kuka karanta shi, ko jami'in nan ya zo Kakuri kafin Asabar ya gaya wa Maman Rifkatu da bakinsa cewa ba maganata ba ce. Ni na faɗa, ba ta yarda ba. In kuwa sai da layin za a ba ni injin, ku cire sunana gaba ɗaya. Na yi shekaru ba inji, amma ban taɓa zuba dekin ba mutane ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare ka da iyalinka, Ya sa rufin da kake kwana ƙarƙashinsa an zuba shi a rana ɗaya.

Wassalam.

Isiyaku mai kankare,
Tudun Wada, Kaduna.