Ciwon Mijina Ba Shi Da Lamba

Zuwa ga Babban Likita mai kula da ɗakunan shan magani na ƙauyuka,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Rabi, matar Malam Sule maɗinki, a Jibiya. Na yi karatun allo, na yi ajin manya, da hannuna na rubuta wannan, kuma raina a ɓace yake.

Na farko. Mura ta shiga gidanmu, ta saki kowa ban da mijina. Majinarsa ta koma kore mai wari. In ya sunkuya kan keken ɗinki, sai ya ji kamar fuskarsa za ta tsage, har sujada ta gagare shi. Malamin asibitinmu ya duba jerin cututtukan da kuka aiko masa, kowace da lambarta, ya rubuta masa lambar mura a kati, ya ba shi ƙwayar ciwon kai. Da mijina ya koma asibitin, haƙoransa na sama suna zogi, sai aka sa masa lambar ciwon haƙori. Saura ƙiris a cire masa lafiyayyen turmi.

Na biyu. Kada a taɓa malamin nan, don ba ƙararsa na kawo ba. Mutumin kirki ne, har gida yake zuwa duba mu. Ya faɗa mini ya san wannan ya wuce mura, amma babu shi a jerin. Allurar fanisilin kuwa tana cikin kabad, ba a fitar da ita sai ga lambobin da aka ja wa jan layi. Na roƙe shi ya rubuta ciwon haƙarƙari, mai jan layi, ya ce ba zai yi wa marar lafiya ƙarya a kati ba. Na yi fushi da shi, amma shi ke da gaskiya.

Na uku. Da idon mijina na dama ya kumbura, na sa shi a motar gyaɗa muka tsallaka Maraɗi. Likitan can ya danna ƙasan idon da yatsa, ya sa shi ya sunkuya, ya ce akwai kogo cikin ƙashin fuska, shi ne ya cika da mugunya. Ya huda ta hanci ya wanke, ya fara masa allura, ya ba mu takarda a ƙarasa a gida. Muka dawo, aka ce takardar da Faransanci take, lambar ma tasu ce, katinmu kuwa mura ya ce. Ranka ya daɗe, ciwon da aka gane a Maraɗi, a kan iyaka ya sauka?

Roƙona ke nan. A ba da izinin ƙarasa masa allurar tun kumburin bai dawo ba. A saka ciwon nan cikin jerin, a ja masa jan layi. A koya wa malamai danna ƙasan ido, tunda yatsa ba ya ƙarewa a kabad. A kuma bar musu gurbin rubuta ciwo da sunansa in lamba ta gaza.

Maɗinki da ido yake ci. Yanzu ni ke zura masa zare a allura kowace safiya, yana kau da kai don kada in ga yadda abin ke damunsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raba ka da ciwon da ba a san lambarsa ba.

Wassalam.
Rabi matar Malam Sule, Jibiya.